Ledar da ake yi da tsamin nono



Kun san yadda madara take kwana ta zama nono. Waɗansu ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, suke cin zaƙin madarar su mai da shi tsami. Wani masani na ƙasar Suwidin, Shele, shi ya fara fid da wannan tsami daga nono a 1780. Masana suna ce da shi asid laktik.

To, da wannan tsami ake yin wata irin leda mai suna PLA. Ba da nono ake yin ta ba, don ya yi tsada. Masara ake niƙawa, ko rogo, ko a matse rake, a sami sukari. Sai a zuba halittun nan su mai da shi tsami. A tace, a dafa, a janye ruwan, har ƙwayoyin tsamin su sarƙe da juna kamar ƴaƴan tasbaha a zare. An buɗe babbar masana'antarta a Amurka a 2002, da masara. An buɗe wata a Tailan a 2018, da rake. Mu kuwa nan Nijar, masara da rogo tuwo ne tukuna.

Ledar garau take, tana da tauri, amma ba ta son zafi. In zafi ya kai digiri 60 sai ta yi laushi. Kofinta ba ya jure tafasasshen shayi. Likitoci suna ɗinke rauni da zarenta, ya narke cikin jiki a hankali.

An ce tana ruɓewa. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Sai an binne ta cikin tulin taki mai laima, mai zafi wajen digiri 60, kana ta ruɓe cikin ƴan watanni. In kun yar da ita a kwarin Gunti Yena, ko iska ta kai ta kogi, tana iya yin shekaru. Za ta toshe magudanar ruwa da damina. Akuyar da ta haɗiye ta kuma tana iya samun kumburin ciki, kamar dai baƙar leda.

Tun 2014 doka ta hana shigo da leda maras kauri a ƙasarmu, da sayar da ita. Amma ku leƙa kasuwar Katako ku gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koyi haƙa ramin taki.