Tarihin Farashin Hannun Jarin Puma: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya haura shekara talatin a garin Meiganga na Kamaru ya san Puma, ko da bai taɓa sa takalminsa ba. Kamfanin ne ya ɗinka wa 'yan ƙwallon Kamaru rigar nan marar hannu da suka ci kofin Afirka da ita a Mali a 2002, shi ne kuma ya haɗe musu riga da wando a 2004 har FIFA ta ci hukumar ƙwallon ƙasar tara. Yanzu da wayar hannu ta kawo kasuwar Frankfurt cikin aljihu, ba wuya ka ga matashi ya buɗe jadawalin farashin hannun jarin kamfanin yana buga lissafin abin da da ya samu in da ya saya tuntuni. Lambobin da yake gani ba ƙarya ba ne, sai dai yawancinsu an taɓa su bayan ranar cinikin, kuma wanda bai san da haka ba lissafinsa ya tashi a banza.

Me ya sa sai kamfanin Jamus?

Don babu na gida da za a duba. Kasuwar hannun jari ta ƙasashen yankinmu na CEMAC, wato BVMAC da ke Douala tun haɗewar da aka yi a 2019, kamfanonin da ke cikinta ba su da yawa: irin su SOCAPALM da SAFACAM na manja da roba, da SEMC na ruwan kwalba. Babu mai takalmi ko ɗaya. Bata da iyayenmu suka sani, wanda Tomáš Baťa ya kafa a garin Zlín a 1894, uwar kamfanin na hannun iyalinsa, rassansa ne kawai irin na Indiya da Pakistan ke kasuwa. Shi kuwa Puma, wanda Rudolf Dassler ya kafa a garin Herzogenaurach na Jamus a 1948, ya shiga kasuwa tun 1986, ana kuma cinikinsa da yuro.

Abin da layi ɗaya ke faɗa

A shafuka irin su Yahoo Finance ko Boursorama, kowace ranar ciniki layi guda ce: kwanan wata, farashin da aka buɗe da shi, mafi tsada a ranar, mafi araha, farashin rufewa, sai adadin hannayen da suka sauya mai su. Ba za ka ga Asabar da Lahadi ba, ba a cin kasuwar. Farashin rufewa shi ake kwatanta wata rana da wata da shi. Adadin cinikin kuma, da mutane ke tsallakewa, shi ke gaya maka ko motsin na gaske ne: faɗuwar da aka yi cinikin miliyoyin hannaye a cikinta manyan masu kuɗi ne suka fice, wadda aka yi da ɗan ciniki kaɗan kuwa gobe ma tana iya komawa.

Ranar da hannu ɗaya ya zama goma

A nan aka fi tuntuɓe. A 2007 kamfanin PPR na Faransa, wanda daga baya ya koma Kering, ya taya hannun jarin Puma a kan yuro 330 kowane ɗaya, ya kuma mallaki kaso mafi rinjaye. Jaridun lokacin haka suka rubuta. Amma in ka buɗe jadawali yau ka koma 2007, abin da za ka gani bai wuce yuro talatin da 'yan kai ba. To wa ya yi kuskure?

Babu. A watan Yunin 2019 Puma ya raba kowane hannu gida goma, hannaye kimanin miliyan 15 suka koma kimanin miliyan 150. Kamar ka ba da takardar jaka goma ne a ba ka canjin jaka-jaka guda goma: aljihu ya yi kauri, kuɗin dai na nan yadda suke. Don kada zanen farashi ya nuna kamar kamfanin ya ruguje dare ɗaya, sai masu jadawali suka raba duk farashin da ya gabaci ranar da goma. Yuro 330 ta koma 33.

Ga lissafin da kuɗinmu. A ce wani ya sayi hannu 10 a kan wancan farashi na 2007, ya biya yuro 3,300, kimanin sefa miliyan 2.16. Daga 2019 hannayensa 100 ne. A watan Nuwamban 2021, da farashi ya haura yuro 110, dukiyarsa ta wuce sefa miliyan 7. A 2025, da ya sauko ƙasa da yuro 25, ba ta kai miliyan 1.7 ba. Shekara 18 ke nan, uwar kuɗin ma ba ta cika ba. Wanda ya tsayar da zanensa a 2021 zai rantse babu jari kamar Puma, wanda ya fara nasa daga 2021 zai ce guba ne, kuma jadawali ɗaya suke kallo. Shi ya sa duk wanda ya nuna maka zanen farashi, tambayar farko ita ce daga wace rana ya fara, wa kuma ya zaɓi ranar.

Ribar da ba ta fitowa a zane

Kamfani kan raba wa masu hannu wani abu daga ribar shekara. Ranar da haƙƙin rabon ya fita, farashi kan ragu da kusan adadin abin da za a raba. Saboda haka wasu shafuka ke ƙara wani gurbi na farashin rufewa da aka gyara, wanda ya ɗauke rabon ribar duk shekarun baya daga tsofaffin farashi. Wannan gurbin ake bi in ana son sanin abin da mai jari ya samu gaba ɗaya, amma ba wanda ya taɓa saye ko sayarwa a kan lambar da ke cikinsa. A kuma tuna rabon ba dole ba ne: a 2020, lokacin korona, Puma bai raba komai ba. In an raba ma, Jamus na cire harajin kashi 26.375 cikin ɗari kafin kuɗin su fito.

Da kuɗin wa ake auna riba?

A nan ɗan Kamaru ya huta da wani ciwon kai. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce tun 1999, don haka hawa da saukar Puma a yuro shi ne hawa da saukarsa a sefa. Nike kuwa da dalar Amurka ake cinikinsa a New York, ita kuma dala ta taɓa sauka kusa da sefa 410 a 2008, ta haura 655 a 2022. Hannun Nike na iya tsayawa cik alhali kai ka ci riba ko ka faɗi. 'Yan uwanmu na Yola da Mubi abin ya fi tsananta gare su, tunda naira ta tashi daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kuma dattawa ba su manta watan Janairun 1994 ba, da aka wayi gari an zabge rabin darajar sefa. Ƙullin da aka yi da takarda, takarda na iya kwance shi.

Neman dalilin kowane rami

Jadawali ba ya faɗin dalili, sai ka ɗora shi a kan labarin kamfanin. Ramin Maris 2020 na rufe shaguna ne saboda korona, inda farashi ya zube kusan rabi cikin 'yan makonni, Adidas da Nike ma ba su tsira ba. A ƙarshen 2022 shugaban kamfanin, Bjørn Gulden, ya tsallaka zuwa Adidas, kishiyar da ke gari ɗaya da su. A Janairun 2025 farashi ya faɗi sama da kashi 20 cikin ɗari a rana guda bayan ribar da aka sanar ta gaza abin da ake tsammani. Bambancin da za ka nema shi ne ko duk kasuwa ce ta faɗi ko kamfanin ne shi kaɗai. Na farko kan warke da kansa, na biyu sai an yi gyara a gida.

Amma ai kowa Puma yake sawa

Wannan hujja ce mai daɗin ji. Je ka layin masu takalma a kasuwar Meiganga, ka ɗaga ɗaya ka duba harshensa da ɗinkin gindinsa. Galibi ko dai gwanjo ne da aka kwance daga dila, wanda wani ya riga ya biya kuɗinsa a Turai shekarun baya, ko kuma kwaikwayo ne mai damisar da ta ɗan karkace, gam na leƙowa ta gefe. Ko sisi daga cinikin nan ba ya isa Herzogenaurach. Farashin hannun jari na bin cinikin Amurka da Turai da Sin, da kuɗin ɗinki a masana'antun Biyetnam, da harajin fito.

Inda tsohon farashi ke da amfani

Ba ya faɗin gobe. Da yana faɗa, da masu kwamfutocin Frankfurt sun kwashe ribar kafin labari ya iso Meiganga. Amfaninsa shi ne ya nuna maka irin zurfin ramin da kamfani ya taɓa faɗawa, ka auna ko za ka iya jure ganin kashi uku cikin huɗu na kuɗinka sun tafi kamar yadda ya faru tsakanin 2021 da 2025. Yana amfani wajen zakka, tunda farashin ranar cikar shekara ake bi, haka wajen ƙiyasta dukiyar mamaci kafin rabon gado. A waɗannan biyun farashin rufewa na ainihi ake ɗauka, ba wanda aka cire wa rabon riba ba.

Masu tantance halaccin jari ma da shi suke aiki. Sana'ar takalmi halal ce, amma ƙa'idar hukumar AAOIFI ta ce bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa. Tunda darajar na bin farashi, kamfanin da ya tsallake bara na iya gazawa bana ba tare da ya ƙara cin bashi ba.

Saye kuma ba a yin sa ta hannun wani a WhatsApp da ya turo hoton zane mai hawa. Masu dillancin hannun jari a yankinmu hukumar COSUMAF ce ke ba su lasisi, fitar da kuɗi waje don zuba jari kuma yana ƙarƙashin dokar canji ta babban bankin yankin, BEAC, da ta fara aiki a 2019, ta banki ake bi da takardu. Kafin ka tura ko jaka ɗaya, nemi lambar lasisin dillalin, ka kuma tambayi nawa zai cira a saye, nawa a sayarwa, nawa a ajiya duk shekara, don babu ɗaya daga cikin ukun da ke fitowa a jadawali.