Tsallaka iyaka da ƙananan yara: «ɗiyana ne» ba ta isa shaida ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san yadda abin yake a Ɗan Isa. Mota ta tsaya, fasinja su sauka, kowa ya miƙa katinsa na shaida. Sai ɗan sanda ya dubi wata mata mai goyo, ga kuma ɗan shekara huɗu riƙe da gefen zanenta, ya ce: «Hajiya, waɗannan fa?» Ita kuwa ta ba da amsar da take ganin ta wadatar: «Ranka ya daɗe, ɗiyana ne.» To daga nan ne magana take tsawo, direba ya fara matsa oda, yaro ya fara kuka.

Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta a rubuce. Bisa al'adar sunaye ta ƙasar nan, yaro yana ɗaukar sunan ubansa ne, sunan uwa ba ya fitowa cikin nasa. Ke nan in an ɗora katin uwa kusa da sunan ɗanta, babu abin da ya haɗa su. Takarda guda ce take haɗa su, wato takardar haihuwa, domin a nan ne aka rubuta sunan mahaifi da na mahaifiya gaba ɗaya. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya bari lokacin ya wuce, sai ya nemi hukuncin alƙali tare da shaidu, kuma wannan ba aikin jajibirin tafiya ba ne. Ma'aikatan gwamnati galibi sun tsira daga wannan matsala saboda takardun alawus na iyali sun tilasta musu tun farko. Ƴan kasuwa ne suka fi faɗawa cikinta, ba don rashin hali ba, sai don ba a taɓa tambayarsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tambayar ɗan sandan neman fitina ce kawai. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. An daɗe da sanin cewa cikin yaran da ake kaiwa bara ƙasashen waje akwai waɗanda aka karɓo daga hannun iyayensu bisa alkawarin kawo musu wani abu. Ƙasa tana da dokar yaƙi da fataucin mutane tun watan Disamba na 2010. Saboda haka jami'in da ya ga babba da yara uku babu takarda, aikinsa ne ya tsaya ya bincika.

A nan ne al'adar riƙo take karo da dokar iyaka. A gida, ɗan ƙanwa ɗa ne, jika ɗa ne, ɗan kishiya ma ɗa ne, kuma abin kunya ne mutum ya tsaya bambancewa. A bakin iyaka kuwa bambancin nan shi ake tambaya. Kaka mai kai jikarta suna Kano, da gwaggo mai tafiya da ɗan riƙonta Lome, da ita kanta uwar da mijinta bai biyo ta ba, dukansu suna bukatar takardar izinin iyaye, wadda aka sa wa hannu aka buga mata hatimi a kwamisariya ko ofishin magajin gari. A rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa, da sunan mai rakiyarsa, da inda za a je da tsawon zaman, a haɗa da kwafin katin wanda ya sa hannu. Inda aure ya mutu, lalle a daidaita wannan magana tun da wuri, don sau da yawa takardar nan ce take tono tsohuwar rigima.

Abu na biyu shi ne allura. Rigakafin zazzaɓin shawara ana yi wa yaro shi ne yana da wata 9, lokaci guda da na ƙyanda, kuma tun watan Yuli na 2016 hukumar lafiya ta duniya ta tsayar da cewa allura guda ta isa har ƙarshen rayuwa. Sai dai shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya kai ɗansa likita ana gobe tafiya, ya sami takarda amma bai sami kariya ba, kuma ana iya ƙin karɓar takardar. Bugu da ƙari, katin awo da ake bai wa uwa a asibitin unguwa daban yake da ɗan littafin nan ruwan ɗorawa na ƙasa da ƙasa. Na biyun ne ake nema a filin jirgi. Masu niyyar umra da iyali su sani Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau, har ga yara ƙanana, ita ma kwana 10 kafin isa. Akwai masu sayen littafin da hatiminsa ba tare da an taɓa jikin yaro ba. Waɗannan sun yaudari jami'i, amma sauro ba ya karatu.

Ga masu hawa jirgin sama, zamanin da ake rubuta yara cikin fasfon uwa ya wuce: kowane yaro da nasa, ko da jinjirin wata biyu ne, kuma inda ake neman biza shi ma sai an nema masa. A duba rubutun suna harafi bayan harafi, domin Mahamadou a fasfo da Muhammadu a tikiti mutum biyu ne a idon kamfanin jirgi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, kuɗinsa kaɗan ne. Daga shekara 2 sai an saya masa kujera. Wanda zai cika shekara 2 kafin ranar komowa, a faɗa wa mai sayar da tikiti tun farko. Kukan da jarirai suke yi lokacin tashi da sauka ciwon kunne ne saboda sauyin iska, kuma ba shi nono a daidai lokacin yana rage shi.

Su ma hanyoyin ƙasa sun sauya cikin ƴan shekarun nan. An rufe iyakar Najeriya a 2023, aka buɗe ta a watan Maris na 2024. Rufe gadar Gaya a 2023 ya sa masu zuwa Kwatano suka koma tsallaka kogi cikin kwale-kwale, abin da babba zai iya jurewa amma ya zama kasada ga mai yara biyu da kaya. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES, kuma a lokacin CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasar. Tun da al'amura suna juyawa haka, a tambayi halin da hanya take ciki a tasha, wurin direbobin da suka dawo cikin makon.

Kan hanya, babban abokin gaban ƙaramin yaro zafi ne da zawo. Jikinsa yana bushewa da sauri fiye da na babba, kuma ruwan leda na bakin tasha ba kullum ake sanin asalinsa ba. A tafi da ruwan da aka amince da shi, da ƙunshin gishirin zawo da ake damawa bisa awon da aka rubuta a jikinsa, da ƙwayoyin zinki, da gidan sauro in za a kwana. Yaron da idonsa ya faɗa, ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, likita ake kai shi a garin da aka fi kusa, ko da mota za ta wuce ta bar mutum. Ɗabi'ar nan ta ɗura wa yaro maganin mura don ya yi barci har a isa, likitoci sun hana ta, musamman ga wanda bai kai shekara 2 ba.

Su kuwa takardun, a yi musu kwafi biyu, a bar ɗaya gida hannun wanda ake iya samu ta waya. Na asalin a naɗe su cikin leda, su zauna a jikin mai rakiya. Jakar da aka ɗaure bisa mota ƙarƙashin buhunan kaya, babu yaron mota da zai yarda ya kwance ta a Ɗan Isa.