Koya wa Yaron Aiki: Asara ce ko Riba?

A zagayen da muke yi a ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura, masu injin niƙa da na ban ruwa sukan kawo mana kuka iri ɗaya: "In na kashe kuɗi yaro ya ƙware, gobe sai ya buɗe nasa." Gaskiya ne, wasu na tafiya. Amma mu duba wanda ya zauna bai iya ba.

Injin dizal ba ya mutuwa rana ɗaya. Yaron da ba a nuna masa duba baƙin mai kowace safiya ba, ko kakkaɓe matatar iska a lokacin hunturu, shi zai bar ƙura ta cinye ringi. Daga nan sai kiran makanike daga Kazaure, wani lokaci a je har Kano neman kaya, mata kuma su kai niƙansu gaba. Kwana uku na koyo wajen ƙwararren makanike bai kai wannan tsada ba.

Gwamnati ma ta san haka. Tun 1971 ta kafa asusun ITF, inda manyan kamfanoni ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, a mayar musu da har rabi idan sun horar da su.

Mai ƙaramar sana'a ba ya cikin wannan tsari. Shawararmu gare shi: kafin horo, a zauna gaban mai unguwa da iyayen yaro, a amince zai yi shekara ɗaya ko biyu, a kuma ƙara masa ɗan abin hannu idan ya dawo. Mun lura rashin ƙarin nan ne ya fi korar yara.