"Da Sauƙi" a Baki, Barkwanci a Waya: Yadda Majinyata Ke Ba da Labarin Ciwonsu a Yau

Ƙarfe biyun dare, ɗakin mata na wani asibitin gwamnati a Kano ya yi tsit, sai ƙarar fanka da tarin wata tsohuwa a gadon ƙarshe. Wata budurwa mai ciwon sikila tana kwance, an ɗaura mata ruwa a hannun hagu, na dama kuma yana riƙe da waya. Ta ɗauki hoton ledar ruwan da ke rataye a jikin ƙarfe, ta ɗora a sitatus, ta rubuta a ƙasa wai ta sake sauka a otal ɗinta na kullum, amma har yanzu ba a kawo mata shayi ba. Kafin asuba saƙonni sun cika wayar: masu sitikar dariya, masu addu'a, da wata ƙawa da ke tambayar lambar gado. Da hantsi gwaggonta ta iso dubiya da kwanon kunu, ta ce, "Sannu 'yar nan, ya jikin?" Yarinyar da ta kwana tana cizon filo saboda zafin ƙashi ta amsa, "Da sauƙi, Gwaggo."

Duk wanda ya yi jinyar wani a 'yan shekarun nan ya ga irin wannan. Majinyacin yau baki biyu gare shi, ɗaya na masu dubiya, ɗaya na waya. Kuma na wayar ya fi kusa da gaskiya, sai dai ba ya fitowa sai ya sha ado da raha.

Bahaushe bai saba ba da labarin ciwonsa ba. "Da sauƙi" amsa ce da ba ta sauyawa ko mutum yana gargara. Akwai tawakkali a ciki, akwai kunya, akwai tsoron bakin mutane, akwai kuma lissafin aure, domin gidan da aka sani da farfaɗiya ko taɓin hankali ko sikila, manema kewaye shi suke yi. Mai naƙudar fari ma yabonta ake yi idan ta daure ba a ji kukanta ba. Shi kuwa rubuta abin da ya sami mutum kullum a littafi, wanda 'yan boko ke kira dayari, bai taɓa yin jijiya a nan ba. Abin da aka fi sani shi ne dattijo ya rubuta ranar haihuwar ɗa ko rasuwar ɗan'uwa a bangon wani tsohon littafi. Kundin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda aka riƙa rubutawa daga 1912 zuwa 1927, masana tarihi sun riƙe shi hannu bibbiyu ne saboda irinsa ba su da yawa.

Sai ga waya ta shigo. A watan Fabrairun 2017 WhatsApp ya fito da sitatus na hoto da bidiyo wanda ke ɓacewa bayan awa 24, kuma wannan ɓacewar ita ce ta ba mutane ƙarfin hali. Abin da zai goge kansa gobe ba ya da nauyin abin da aka rubuta a takarda. Matar aure da ba za ta iya zama ta faɗa wa kowa cewa ciwon kai ya hana ta barci ba, tana iya ɗora hoton kyanwa da ɗaurin kai ta rubuta "ni ke nan yau". Ɗalibi ya ɗora hoton katin asibiti, direba ya ɗora na ƙafarsa a ɗaure, ma'aikaci ya ɗora awon hawan jininsa a ranar ashirin ga wata. Idan aka jera abin da mutum ɗaya ya ɗora cikin shekara, za a ga tarihin rayuwarsa tsaf: ranar da aka ɗauke wuta, ranar da ya rasa kuɗin mota, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi.

Me ya sa sai da wasa? Saboda wasa tsohuwar ƙofa ce da al'ada ta bari a buɗe. Jika yana faɗa wa kakarsa abin da ɗanta ba zai iya ba, taubasai suna yankar juna da magana ba a ji haushi ba, Bafulatani da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi suna haɗuwa a tasha su yi ta zolaya su rabu lafiya. 'Yan kama sun daɗe suna mayar da yunwa da kwaɗayi abin dariya a bainar jama'a. Wanda ya fito ƙarara ya ce yana shan wuya, amsar da zai samu ita ce ya yi haƙuri, ya gode wa Allah, akwai wanda ya fi shi. Wanda ya faɗi wannan maganar da barkwanci kuwa ba mai ce masa raki gare shi. Ya sauke kayansa, mutuncinsa na nan.

Kayan kuma da nauyi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar halittar ba tare da yana ciwon ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a faɗin duniya a Najeriya suke. Sannan cikin kowace naira ɗari da ake kashewa a neman lafiya a ƙasar, sama da saba'in daga aljihun majinyaci da danginsa take fitowa. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina harka kai tsaye a ƙasar, sai farashin magunguna irin su abin shaƙa na masu asma ya yi tashin gwauron zabo. Daga irin wannan hali ake samun zolayar nan da ta zaga wayoyi, ta mutumin da likita ya ce ya sha magani bayan cin abinci, shi kuwa yana ƙorafin cewa abincin ne aka manta ba a rubuta masa ba. Ana dariya, amma kowa ya san maganar ba ta likita ba ce, ta tukunya ce.

Amfanin abin ba ƙarami ba ne, kuma masana sun ɗan leƙa shi. A 1986 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi damun su na minti 15 a kwana huɗu a jere, ya kuma gano cewa waɗanda suka zubar da cikinsu a takarda sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. A 2011 kuma Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun nuna cewa mutanen da suka yi dariya tare sun fi jure zafi jim kaɗan bayan dariyar. Ba wanda ya ce wannan yana warkar da cuta. Amma mai ciwon da ke dawowa duk wata, wanda 'yan dubiya suka gaji da shi tun a shekara ta biyu, ya san darajar mutum goma da ke farke tare da shi a waya cikin dare.

Masu sikila su suka fi cin moriyar wannan sauyi. Ciwon da ake kira amosanin jini a ɓoye, ake dangantawa da iska ko sammu, yanzu masu shi ne ke fitowa su yi wa kansu kirari, su yi wa sanyin hunturu ba'a, su koya wa juna yawan shan ruwa. Zolayar saurayi da budurwa da soyayya ta yi nisa kafin a gano dukansu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar halittar sikila, ta zama ruwan dare, har tambayar ƙwayar halittar jini ta shiga hirar zance. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, ciki har da na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Likitoci da ƙungiyoyi ne suka daɗe suna neman dokar, amma ta tarar da matasan da maganar ba baƙuwarsu ba ce. Haka nan neman jini: sitatus ɗaya da ke cewa ana buƙatar leda biyu a asibiti kaza yakan kawo wanda dangi ba su taɓa gani ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, abin da aka saba yi wa dariya, an daina jin tsoronsa. Ɗauki olsa. A barkwancin waya, olsa ciwon yunwa ce, ciwon ɗalibi da gwauro da wanda albashi bai shigo ba, kuma duk wani zafi tsakanin wuya da cibiya sunansa ke nan. Alhali tun a shekarun 1980 wasu likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani na 'yan kwanaki. Babban dalili na biyu shi ne magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa, kuma yawan shansu na iya taɓa ƙoda. Ga mai shekara hamsin da hawan jini, zafin ƙirjin da yake kira olsa yana yi masa sitika zai iya zama zuciya ce ke kuka.

Haka abin yake ga tagwayen nan, "maleriya da taifod", waɗanda ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ƙananan ɗakunan gwaji ya shahara da nuna taifod inda babu ita, likitoci sun daɗe suna faɗa. Amma tunda kowa na da su, kowa na yi musu raha, sai mutum ya yi wata uku yana zazzaɓi yana canza magani daga wannan kemis zuwa wancan, bai taɓa zama gaban likita ba.

Ga kuma likitocin ƙarƙashin sitatus. Da mutum ya ce kansa na ciwo, kafin minti goma an rubuta masa tazargade, ganyen gwanda, habbatussauda da zuma, wata kuma ta turo lambar mai haɗa maganin sanyi, turawa har gida. Yawancinsu da kyakkyawar niyya suke yi, wannan ba a musu. Sai dai an ga inda irin wannan gudummawa ke kaiwa. A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka riƙa tashin 'yan'uwansu daga barci, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su. A 2020 "babu korona" ta zama abin rerawa da dariya a titunan Kano, a daidai lokacin da maƙabartu ke cika. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a birnin, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na iya zama da hannun cutar.

Mafi wuyar ganewa shi ne ciwon damuwa. Matashi zai rubuta cewa ya gaji da duniya, ya jera fuskokin dariya uku a baya, abokai su amsa da cewa saura a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kowa ya wuce. Wani lokaci wasan ne kawai. Wani lokaci kuma murmushi ne da ya fi kuka ciwo, kuma a rubuce ba a jin rawar murya balle a ga ido. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kacal, kuma sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A irin wannan wuri aboki ne asibitin farko, shi kuwa abokin an koya masa cewa amsar sitatus sitika ce.

Sirrin ma da ake zaton awa 24 na rufewa, ba ya rufuwa. Ana ɗaukar hoton allo a adana. Abin da budurwa ta rubuta tana kan gadon asibiti yakan ɓullo a gidan surukai ana tsakiyar maganar sa rana, 'yan damfara kuma sukan kwashi hoton majinyaci na gaske su liƙa lambar asusunsu.

Wani abin takaicin kuma ƙarami ne, amma kullum yana faruwa. Likita zai tambayi majinyaci yaushe ciwon ya fara, sau nawa ya dawo, me ya sha. Amsar ita ce "ya ɗan kwana biyu". Mutumin nan kuwa ya rubuta komai, da rana da lokaci, har da hoton kwalin maganin, amma ya rubuta ne a inda ake sharewa kullum. Mai sikila ko suga ko hawan jini da zai kwafe rabin abin da yake ɗorawa a ƙaramin littafi na awo, ya tafi da shi ranar ganin likita, da ya sauƙaƙa wa kansa da likitan aiki.

Mai karatu kuma da ya ga abokinsa ya yi wasa da ciwo ɗaya sau uku cikin wata, ya ajiye sitika ya kira shi. Idan ya ce da sauƙi, a sake tambaya, a kuma ji ko ya je asibiti.