Fuskokin Kwamfuta a Linux: Wacce Ta Dace da Tsohuwar Na'ura?

Abin da mutum yake gani idan ya kunna kwamfuta, wato tagogin da ke buɗewa, da ƙananan hotunan da ake dannawa da linzami, da jerin manhajoji, da agogon da ke gefen allo, shi ne fuskar aiki. A ƙarƙashinta akwai babbar manhaja, wadda ke sarrafa ma'adana da batir da madannai da na'urar buga takarda. A Windows an haɗe su biyun, ba a raba su. A Linux da sauran buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa, fuska daban take, ana iya cire wannan a ɗora waccan, kamar yadda mai shago kan sake tsarin kanta ba tare da ya taɓa kayan da ke cikin sito ba.

Tarihi ne ya kawo wannan rabuwa. Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka a 1983, sannan Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da Linux a 1991. A shekarun farko, mai amfani da ita sai ya haddace umarni yana rubutawa a baƙin allo. Akwai tsarin zana tagogi mai suna X tun 1984, amma kowace manhaja da irin kamarta. A 1996 wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya kafa KDE don a samu fuska guda mai tsari ɗaya. Sai dai kayan ginin da ya yi amfani da su, Qt, lasisinsu bai gamsar da masu kishin 'yancin manhaja ba a lokacin, don haka a 1997 wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME. Har yau su biyun ne manya.

GNOME ita ce fuskar da nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora ke zuwa da ita. Tun fitowa ta uku a 2011 ta yi watsi da tsohon salon maɓallin farawa da jerin manhajoji a ƙasa, ta koma wani tsari mai kama da na wayar hannu: manyan hotuna, da wurin bincike da ake rubuta sunan abin da ake nema. Wanda ya fara sanin na'ura ta hanyar waya yakan saba da ita da wuri. Matsalarta nauyi: Ubuntu ta 2024 ta nemi aƙalla giga 4 na ram, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi. Wancan sauyi na 2011 ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma da yake manhajar buɗaɗɗiya ce, ba su tsaya ga ƙorafi ba. Wasu suka ɗauki tsohuwar GNOME suka ci gaba da rainonta da sunan MATE, masu Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon, wadda duk wanda ya saba da Windows 7 zai gane kanta cikin 'yan mintuna. Ita kuwa KDE, wadda fuskarta ake kira Plasma, ta masu son gyare-gyare ce, kusan babu abin da ba a iya canza wa launi ko girma ko mazauni.

Amma ga gari kamar Nasarawa Burkullu, a ƙaramar hukumar Bukkuyum ta jihar Zamfara kan hanyar Anka zuwa Gummi, fuskokin da suka fi muhimmanci su ne marasa nauyi. Xfce, wadda Bafaranshe Olivier Fourdan ya fara a 1996, da LXQt, wadda ta samo asali daga LXDE ta Hong Jen Yee na Taiwan, an gina su ne don su ci ram kaɗan. Ba su da yawan ƙyale-ƙyale, kuma suna tafiya a kan na'ura mai giga 2. Xubuntu na zuwa da ta farko, Lubuntu da ta biyu.

Dalilin wannan fifiko a fili yake. Kwamfutar da ake samu a shagon buga takardu ko makarantar koyon kwamfuta a irin waɗannan garuruwa galibi ta hannu ce, an sayo ta daga Gusau ko Sakkwato ko Kano bayan ta yi shekaru tana aiki a wata ƙasa. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon inji, abin da tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Na'urar da aka ce ta tsufa sau da yawa lafiyarta ƙalau, nauyin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. Asara ce babba a jingine ta a lungu alhali tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, kuma akwai ɗaliban ƙauye da ba sa taɓa linzami sai ranar jarrabawa. Riƙe linzami da danna amsa da buga haruffa iri ɗaya ne a kowace fuska.

Akwai kuma batun intanet. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Yawancin nau'o'in Linux suna zuwa da manhajojin aiki a cikinsu, kamar LibreOffice na rubutu da lissafi, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, kuma ba sa neman lambar lasisi. Saukarwa ce ke cin data, domin Ubuntu ta haura giga 5, amma mutum ɗaya ya sauke a filas ya wadatar da gari guda, kuma halal ne a doka. Daga filas ɗin ma ana iya kunna ta a gwada fuskar, a duba ko sauti da wayfai da firinta suna aiki, ba tare da an goge komai ba. Wannan gwaji ya kamata ya riga girkawa a kowane lokaci, sannan a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

Ba kowa sauyin zai yi wa daɗi ba. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu zana katin biki da kalanda suka dogara da su, ba a yi su don Linux ba. Inkscape da GIMP na iya yin aikin, amma sai an sake koyo, kuma mai shagon da kwastoma ke tsaye a kansa ba shi da wannan lokaci. Haka wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa na rajista, da Windows kaɗai suke aiki. Ga irin waɗannan, dabara ita ce a ajiye Windows da Linux a na'ura ɗaya, a zaɓi wadda ake so lokacin kunnawa.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima a Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu fuskar Sugar, wadda aka tsara don yara. Kafin nan, wajen 2006, aikin Wazobia Linux ya fassara sassan GNOME zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo. A yau ana samun tsarin madannai na Hausa a cikin saitin duk waɗannan fuskoki, wanda ke ba da damar buga ɓ da ɗ da ƙ kai tsaye, abin da malamai da marubuta ke shan wahalarsa. Fassarar fuskar ce ta tsaya a baya: manhajojin sun yi ta sauyawa, kalmomin Hausar ba su bi su ba, shi ya sa wanda ya zaɓi Hausa zai tarar da mafi yawan rubutun da Turanci. GNOME da KDE da Xfce duk 'yan sa-kai ne ke yi musu fassara ta intanet, kuma abin da ake nema ga mai shiga shi ne ya iya Hausa da Turanci, ya kuma san aikin da kowane maɓalli ke yi.