Dokar Daskarar da Kuɗin Haya a Berlin: Wa Ta Tsare, Wa Ta Bari a Waje?

Fiye da kashi 80 cikin 100 na mazauna Berlin, babban birnin Jamus, a gidan haya suke zaune. Shi ya sa da majalisar birnin ta kafa dokar daskarar da kuɗin haya a farkon 2020, murna ta cika gari. Dokar ta tsayar da hayar gidaje kusan miliyan 1.5 a kan farashin watan Yunin 2019, har tsawon shekara 5, ta kuma cire gidajen da aka gina daga 2014 zuwa sama don kada magina su janye jiki.

Wanda ke cikin gida ya samu sa'ida, wasu ma an rage musu kuɗi a Nuwambar 2020. Amma mai neman gida ya ga ta kansa. Tallace-tallacen gidajen haya suka ragu ƙwarai, domin masu gidaje da dama sun gwammace su sayar, ko su jira su ga inda shari'a za ta tsaya. Wasu kuma suka riƙa rubuta farashi biyu a takardar yarjejeniya: na doka, da wanda ɗan haya zai biya idan kotu ta soke dokar. Hasashensu kuwa ya tabbata. A Afrilun 2021 Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta ce Berlin ba ta da hurumi, tunda gwamnatin tarayya ta riga ta yi doka kan haya. Ba ta ce ƙayyade haya laifi ba ne, duk da haka 'yan haya da yawa suka wayi gari da bashin cikon kuɗin da aka rage musu.

A ganina, masu cacar baki kan dokar sun tsallake tushen matsalar. A 2004, lokacin da bashi ya yi wa birnin katutu, gwamnatinsa ta sayar da kamfanin GSW mai gidaje kusan 65,000 a kan Yuro miliyan 405. Gidajen suka ƙare a hannun kamfanin Deutsche Wohnen, wanda kamfanin Vonovia ya haɗiye a 2021. Wanda ya sayar da rumbunsa da damina, da rani sai ya bi farashin kasuwa. A Satumban 2021 masu zaɓe fiye da rabi suka amince a ƙuri'ar raba gardama cewa a karɓe gidajen kamfanonin da suka mallaki sama da 3,000, a biya su diyya. Sai dai ƙuri'ar ba ta zama tilas a kan gwamnati ba, kuma ko an aiwatar, mai gida kawai za a sauya, ba za a ƙara ɗaki ko ɗaya ba.