TSATSAR TAGULLA DA JAN ƘARFE: ADO KO CUTA?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karare da yankin Batsari da Safana da ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, ya san aikin da akan ba 'yan mata in salla ta gabato. Akan sauko da tsofaffin tasoshi daga jere, a fito da mundaye da zobba daga cikin adaka, a samo toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami, a yi ta dirza har sai ƙarfe ya ɗauki ido. A wurin Bahaushe kyan tagulla ƙyalli. Duk wani duhu ko kore da ya hau kanta ƙazanta ce, sunanta tsatsa.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna cewa tsatsar tagulla ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda take zama riga ga ƙarfe, ta kare shi shekara da shekaru, akwai kuma wadda take cinye shi. Za mu dubi yadda kowace ke samuwa, da yadda mutum zai samar da mai kyan a gida da kayan da ke hannunsa, da kuma yadda zai tsare ta. Maganar ba ta ado kaɗai ba ce. Rashin tsaron da ya addabi yankin Rugu ya raba jama'a da yawa da ƙauyukansu, kuma wanda ke gudun tsira da rai ba ya tsayawa tantance kayan gado. Sau da yawa tsohuwar likkafa ko munduwar kaka takan ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan, a saye ta da kilo, don kurum an ga ta yi baƙi an zaci ta lalace.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Hausawa kan yi amfani da kalmar tagulla a sake, su kira duk wani ƙarfe mai ja ko mai ruwan ɗorawa da ita. Don gudun ruɗani, a nan in mun ce jan ƙarfe, wanda wasu ke kira jan gaci, muna nufin tsantsarsa wanda ba a gauraya da kome ba, irin wanda ke cikin wayar lantarki. In kuwa mun ce tagulla, muna nufin jan ƙarfen da aka narka tare da tutiya, watau ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi. Galibi jan ƙarfe kan kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na tagulla, sauran kuwa tutiya ce. Masu sarrafa waɗannan su ne maƙeran fari, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari.

Ita kuma tsatsar da ta zauna daram a jikin ƙarfe ta ba shi launi, Turawa suna kiranta fatina, kalmar da suka aro daga Italiyanci. Koriyar da tsami ke haifarwa kuwa Larabawa suna ce mata zinjar. Hausa ta haɗa su duka a kalma guda, kuma daga nan ne kuskuren ya faro.

3.0 Daɗewar Tagulla a Ƙasar Hausa

Ba yau Bahaushe ya san waɗannan ƙarafa ba. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, a yankin Agadas, ya kuma ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a can, a mai da shi 'yan sanduna da ake ciniki da su tamkar kuɗi, ana kai su har Gobir da Barno. A nan ƙasar Katsina kuma, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke kusa da Mani shaida ne babba. H. R. Palmer ya fara tona su a 1907, aka sake wani tonon a 1992. An sami kayan ado da tasoshi na jan ƙarfe da tagulla waɗanda aka binne tsakanin ƙarni na 13 da na 16, har aka kai su birnin Mainz na Jamus don a gyara su.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kaya sun yi ɗaruruwan shekaru a cikin ƙasa amma siffarsu ba ta ɓace ba. Baƙin ƙarfe kam ya fi saurin lalacewa a cikin ƙasa. Dalili kuwa shi ne tsatsar baƙin ƙarfe takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga iska, haka har ƙarfen ya ƙare. Ta jan ƙarfe kuwa takan manne ta toshe hanya.

4.0 Ire-iren Tsatsa

Ana iya kasa tsatsar waɗannan ƙarafa gida uku.

Ta farko ita ce mai duhu. Da zarar jan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin sai fuskarsa ta fara sauyawa, daga ja mai haske zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa baƙi-baƙi. Hayaƙin murhu da gumin hannu suna ƙara mata sauri. Da yake ƙasar Karare busasshiya ce mafi yawan shekara, wannan ita ce aka fi gani a ɗakunan iyayenmu. Ba ta da illa, hasali ma ita ce rigar farko.

Ta biyu ita ce koriya mai tauri, wadda ke fitowa in danshi ya daɗe yana haɗuwa da iska a kan ƙarfen. Sanannen misali shi ne Mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta ba Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1886. Da jan ƙarfe aka lulluɓe shi, kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Ja ne a farkonsa, amma kafin 1920 ya rikiɗe ya zama kore shar, kuma wannan koren ne ke kare shi daga iskar teku har yau. Alamar irin wannan tsatsa ita ce tana da santsi, ba ta kuma bin hannu in an shafa.

Ta uku ita ce cutar tagulla. Gishiri ne ke jawo ta. In ya shiga jikin ƙarfe ya sami laima, sai ka ga wasu ƙuraje masu launin kore fari-fari, masu gari kamar alli. In an share su, bayan kwanaki sai su dawo, a ƙarƙashinsu kuwa rami ne ke ƙara zurfi. Da damina ta fi tashi, da hunturu sai ta lafa. Wannan ita ce tsatsar da ya kamata a ji tsoro.

5.0 Bahaushe da Koriyar Tsatsa

Kada a ɗauka cewa samar da wannan launi da gangan ilmin baƙi ne. Masu aikin fata na ƙasar Hausa, musamman na Kano, sun daɗe da shahara wajen rina koriyar fatar nan da ake kira korino, wadda ake ƙawata kube da jaka da kayan doki da ita. Asirin launin kuwa garin tagulla ne da ake haɗawa da abu mai tsami da kuma sinadari. Ita kanta kalmar sinadari, wadda yau muke kiran duk wani haɗin kimiyya da ita, asalinta sunan wani farin gishiri ne da maƙeran fari ke amfani da shi wajen liƙi, daga kalmar Larabci nushadir. Ashe ke nan abin da uwa ke kankarewa daga tasa, shi ne baduku ke nema ido rufe don ya yi ado da shi.

6.0 Yadda Ake Rina Ƙarfe a Gida

Kafin kome, a tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, kayan sabo ne, ba na gado ba. Na biyu, tagulla ce ta gaskiya. A kanga masa maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, kada a ɓata lokaci. Daga nan sai a wanke shi da sabulu, a goge da toka mai laushi, a ɗauraye, a shanya. Kada a sake taɓa shi da hannu tsirara, domin maiƙon yatsa yakan hana launi kamawa, ya bar shaida.

(a) Launin ƙasa da baƙi. A dafa ƙwai 2 ko 3 su yi tauri, a farfasa su tun suna da zafi, a zuba a gefe guda cikin roba mai murfi. A ajiye ƙarfen a ɗaya gefen ba tare da ya taɓa ƙwan ba, a rufe ruf. Ƙwai yana fitar da tururi mai ɗauke da farar wuta, ita ce ke duhunta ƙarfen. A riƙa dubawa bayan kowace sa'a har launin ya yi yadda ake so. Jan ƙarfe ya fi tagulla saurin karɓar wannan rini.

(b) Launin wuta. In aka riƙe jan ƙarfe da awartaki a kan garwashi, za a ga launuka suna bin juna, daga ruwan lemo zuwa ja, zuwa shuɗi-shuɗi, a ƙarshe baƙi. Gwaninta a nan ita ce sanin lokacin janyewa, domin ƙiftawa da bisimilla launi ya wuce.

(c) Kore. A sami garin katako daga wurin kafinta, a yayyafa masa ruwan kal da ɗan gishiri kaɗan har ya yi danshi, ba sharkaf ba. A binne ƙarfen a ciki, a rufe, a bar shi kwana 1 zuwa 3. In an fito da shi kada a goge, a bar shi ya sha iska a inuwa, domin a wajen bushewa ne koren ke bayyana. Wannan aiki ya fi kyau da damina. Da hunturu garin yakan bushe tun launi bai kama ba.

Wasu kan yi amfani da tururin amoniya don samun shuɗi, har ma da tsohon fitsarin dabbobi. Yana yi, amma yana da haɗari ga tagulla. Sojan Ingila a Indiya sun sha mamakin yadda kwanson harsashinsu ke tsagewa da damina, sai a 1921 bincike ya tabbatar da cewa amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki ce, a bargar da ake ajiye harsasan. Wannan darasi ne ga masu rataye kayan doki na tagulla a kusa da turke.

7.0 Tsare Launi

Rini bai kammala ba sai an tsayar da shi, in ba haka ba tsami da gishirin da suka saura za su ci gaba da aiki har ado ya koma cuta. Da farko a tsoma kayan a ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa aka tace, domin kanwa na kashe kaifin tsami. Abin sha'awa, babban sinadarin da ke cikin kanwa shi ne wanda masu gyaran kayan tarihi suka daɗe suna jiƙa tagulla a ciki don fitar da gishiri. Sai dai kanwar kasuwa tana tafe da nata gishirin da yashi, saboda haka dole a ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta, ruwan sama ya fi. A shanya a rana kwana 2 ko 3 har ya bushe ƙayau. Wanda ya rufe danshi a ƙarƙashin kaki, ya rufe ɓarawo a cikin ɗaki.

Bayan haka a ɗumama ƙarfen kaɗan a rana, a shafa masa kakin zuma da tsumma mai laushi, shafi marar kauri, a bari ya daskare, a goge, a maimaita sau 2 ko 3. Man takalmi marar launi ma yana yi. A sani cewa kaki yakan ƙara wa kore duhu, kuma yana bukatar sabuntawa kamar sau ɗaya a shekara, zai fi kyau kafin faɗuwar damina. Man nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa katako ya fi daɗewa, amma in ya tsage danshi kan shiga ta ƙarƙashinsa, cire shi kuma aiki ne. Man gyaɗa da man shanu kuwa a guje su, domin in sun tsufa sukan yi tsami su haifar da tasu koriyar tsatsar.

8.0 Gargaɗi

Koriyar tsatsa guba ce in ta shiga ciki, takan sa amai da ciwon ciki. Kada a rina cikin tasar da ake cin abinci, kada kuma a bar fura da nono, ko kunun tsamiya, ko zoɓo, su kwana a tasar tagulla. Daɗin daɗawa, tsohuwar tagulla sau da yawa tana ɗauke da dalma. Haka kuma yawan dirza da tsami yakan zuƙe tutiyar da ke fuskar tagulla ya bar jajayen tabo, ya kuma shafe zanen da maƙeri ya yi.

Game da kayan gado, ƙa'ida ita ce a taƙaita taɓawa: a kaɗe ƙura, a ajiye a busasshen wuri nesa da ƙasa. In an ga alamar cutar tagulla, ko aka tono wani abu a gona, a nemi shawarar ma'aikatan Gidan Tarihi na Katsina, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Wanda kuma ya rina sabon abu ya sayar da sunan tsoho, ya sani algus ya yi.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa abin da Hausa ke kira tsatsa ya ƙunshi riga da kuma cuta, kuma ana bambanta su da ido da ɗan yatsa: mai santsi da tauri a bar ta, mai gari a nemi magani. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya rage ga ɗaliban Hausa, musamman 'yan yankin Karare, su zauna da maƙeran fari da dukawan da suka saura, su rubuta sunayen kayan aikinsu da hanyoyin haɗinsu tun masu sanin suna raye, su kuma faɗakar da iyaye cewa baƙin da ke jikin munduwar kaka ba dalilin kai ta sikeli ba ne.